GILASHIN DA BA NATA BA

Shafi na 23

Masu turo min saƙo kuna cewa na cika mugunta, wai na bar baiwar Allah kwance da tiyo a maƙogwaro na yi tafiyata, to ku sassauta min, ga ta nan ta tashi. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, ga inda aka kwana: Malama Kamada Sumie, likitar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ɗakin ƙasa na asibitin gundumarmu a nan Akita, tana leƙen tsokar tumbin mutane a madubin likita don ta kama cutar kansa tun kafin ta yi ƙarfi, wannan karon ita ce aka gutsuro wa tsoka daga tumbi. Sakamako ya fito.

* * *

Tun daga takun sawu ta san Onodera ne.

Ba mai saukowa ɗakin nan sai da dalili. Ma'aikatan jinya ma a bakin ƙofa suke ajiye kwalaben tsoka su juya da sauri, wai warin magani yana kama musu gashi.

Ya ƙwanƙwasa, ya shigo, ya rusuna. Babban likitan tiyata ne yanzu, ga furfura ga tumbi, amma in yana gabanta sai ya koma ɗalibin nan da ta sha kora daga aji.

"Malama, barka da rana."

"Ka rufe ƙofa, sanyi kake shigo min da shi."

Ya rufe. A hannunsa akwai ɗan faranti na katako, a kai ɗan siririn gilashi guda ɗaya, irin wanda ake shimfiɗa tsoka a kai a rina ta. An manna masa sabuwar takarda da sunanta.

"Albishirinki, Malama."

"Ba na ba da goro."

"Gyambon ciki ne kawai. Tsohon gyambo, ya ɗan yi zurfi. Za mu yanke wajen don a huta, shi ke nan."

"Wa ya karanta?"

"Mataimakinki. Ni ma na duba."

"Kai? Yaushe rabon da ka kai idonka kan madubi?"

Ya yi 'yar dariyar yaƙe.

"Ai shi ya sa na kawo miki. Gani ya kori ji."

Ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba. Ta kama gilashin ta gefe da gefe, ta ɗaga shi saitin 'yar tagar da ke can sama, wadda dusar ƙanƙara ta toshe rabinta. Sannan ta ɗora shi a madubi, ta kunna fitila, ta sunkuya.

Butar shayi tana ta tsuwa a kan risho.

Ku da ba ku san zamanin ba, bari in faɗa muku a taƙaice. A lokacin, a garinmu ba a ce wa mai cutar kansa yana da ita. Dangi ake kira gefe a faɗa musu, shi kuma a ce masa gyambo ne, ya ci gaba da shan kununsa har ranar da za a fitar da shi. Haka aka yi wa kakana. Kowa yana ganin tausayi ne. In kuwa majinyacin likita ne mai iya karanta tsoka, to sai an ƙara masa da wata dabara.

Malama Kamada ta daɗe a sunkuye. Ta murza, ta matsar, ta sake murzawa.

"Kyakkyawan gyambo," ta ce.

Onodera ya saki ajiyar zuciya.

"Ai na faɗa miki."

"Gefensa tsaf. Ƙwayoyin a jere kamar 'yan makaranta. Babu ko ɗaya da ta fita layi."

"Haka ne, Malama."

"Onodera."

"Na'am."

"Yaushe na fara sayar da kifi?"

Ya tsaya da baki buɗe.

"Kifi kuma?"

Ta ɗago, ta cire tabarau, ta ajiye a hankali.

"Wannan tumbin matar nan ne mai sayar da kifi a bakin kasuwar tashar jirgin ruwa. An yi mata aiki tun kana ɗalibi. Ta warke, ta aurar da 'ya'yanta, na ji ma har yanzu tana zagin masu taya mata kifi da arha."

"Malama, ina jin kin..."

"Zo nan."

"Malama..."

"Na ce zo nan ka leƙa!"

Ya matso kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ya sunkuya.

"Kusurwar hagu, daga ƙasa. Me ka gani?"

Ya ci gaba da leƙe.

"Makaho ne kai? Me ka gani?"

"Ɗan kumfan iska."

"Ni na bar shi. Hannuna ne ya yi rawa ranar, saboda sanyi. Kuma dubi rinin, ja ya koɗe ya koma kalar bawon albasa. Tsokar da aka yanko makon jiya ce za ta koɗe haka? Ka kankare tsohuwar takarda ka manna sabuwa, ko ragowar gam ɗin ba ka goge ba."

Gumi ya tsatsafo masa a goshi, ga shi kuwa ana zuba dusar ƙanƙara a waje.

"Duk gilasan da ke cikin akwatunan nan," ta nuna bangon da ke cike da durowoyi tun daga ƙasa har rufi, "ka rasa wanda za ka sato sai wannan? Haba Onodera. Ba a yi wa biri burtu."

Ya sunkuyar da kai.

"Shi ne gyambo mafi tsafta da na sani," ya ce can ƙasa-ƙasa.

"Ka san me ya sa?"

"Da shi kika koya min."

"Da shi na koya maka. Na zaunar da kai a kan kujerar nan har ka yi kuka, na ce sai ka iya bambance gyambo da cutar kansa ko daga barci aka tashe ka."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ashe dai ka riƙe karatu. Wayo ne ba ka da shi."

Ni dai a nan tausayin Onodera ya kama ni. Mutum ya zagaya duk ɗakin nan yana neman ƙaryar da ta fi kyau ya kai wa malamarsa, ƙafarsa ta kai shi kan darasinsa na farko.

Ta zare gilashin mai kifi, ta goge shi da gefen rigarta, ta tashi ta ja wata durowa ta mayar da shi gurbinsa. Ko dubawa ba ta yi ba, hannunta ya san wajen.

"Yanzu ba ni nawa."

"Ba ya wurina."

"Aljihunka na hagu. Tun da ka shigo hannunka yake kai."

Ya janye hannun da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Malama, ki yi wa girman shekarunki ki bar maganar nan. Ki bari mu yi aikinmu."

"Aikinku? Ni fa nawa aikin? Sama da shekara talatin kuna turo min gutsuren mutane a kwalba, ni ce mai cewa wannan a yanka, wannan a bari. Na san tumbin rabin garin nan. Manoman shinkafa, masunta, matan da ba sa iya haɗiye loma sai da ganyen da aka jiƙa a gishiri, gishirin da ke cinye musu tumbi. Na san cikinsu fiye da iyayen da suka haife su. Amma in na fita kasuwa ko mutum ɗaya ba ya ce min sannu, don ba wanda ya taɓa ganin fuskata. Ban taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya na roƙa yau, in ga nawa. Shi ne za ka hana ni?"

"Ba ni na hana ba."

"Wa ya hana? Shugaban asibiti? Je ka kira min shi."

"Kin san ƙa'ida. Dangi ne ke yanke shawara."

Ta tsaya tana kallonsa. Sai ta fashe da dariya har da riƙe tebur.

"Dangi! Kai Onodera, yau ka tashi da ban dariya. Wane dangi? Magen da ke zuwa min baranda ka je ka tambaya? Iyayena suna maƙabarta. Yayana teku ya cinye shi. Gidana in na shiga da yamma, ni ke ce wa kaina sannu da zuwa. Sabuwar shekara ma a ɗakin nan nake cinye ta, ni da butar shayi."

Bai yi dariya ba.

Ita ma ta daina dariyar.

"Wa ka faɗa wa?"

Ya kau da kai.

"Wa ka faɗa wa, Onodera?"

"Tatsuro."

Ta nemi kujera da hannu ta zauna.

Tsofaffin masu bin labarin nan kun san sunan. Tatsuro ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Yana ɗan shekara huɗu surukarta ta ce matar da ke dawowa gida da warin maganin gawa ba za ta ƙara dafa wa gidansu shinkafa ba, ko ta bar asibiti ko ta bar gidan. Ta bar gidan. Yaro kuwa magajin gida ne, ba ya bin uwa. Tun ranar ba ta ƙara sa shi a ido ba.

"Wa ya ba ka izini?"

"Babu."

"Ina ka samo shi?"

"Yana birnin Sendai. Malamin makarantar sakandare ne, lissafi yake koyarwa. Yana da mata, da 'ya guda."

"'Ya," ta maimaita.

"Ta fara tafiya."

Ta juya ta kalli bango.

"Me ya ce da ka faɗa masa? Ya ce bai san ni ba ko?"

"Da farko ya kashe wayar."

"Ya yi daidai."

"Washegari ya kira da kansa."

Ta juyo.

"Ya ce zai zo. Amma da sharaɗi."

"Faɗi."

"Kada a faɗa miki."

"Saboda tausayi? Shi da bai san kalar idona ba?"

Onodera ya gyara tsayuwa.

"Malama, in faɗa miki yadda ya faɗa?"

"Na taɓa koya maka yi wa sakamako kwalliya?"

"Ya ce: 'Matar nan in ta san kwananta ya ƙare, ba ni za ta nema ba. Madubinta za ta koma, ta ce sai ta kammala bincikenta, a kansa za a tsinci gawarta. An taɓa ba ta zaɓi tsakanina da shi, na san wanda ta ɗauka. In gyambo ne, zan zo in duba uwata kamar yadda kowa ke duba tasa. In ta sani, kada ku neme ni, ba zan zauna a bakin ƙofa ina jiran ta ɗago kai ba.'"

Kash! Magana ce ta yaro ɗan shekara huɗu, ta fito daga bakin magidanci.

Malama Kamada ba ta yi kuka ba. Da ma ba mai kuka ba ce. Leɓenta na ƙasa kawai ta ciza.

"Ba zaɓi aka ba ni ba," ta ce. "Kora ta aka yi."

"Na sani, Malama."

"Ba ka san komai ba."

Ta waiga ta dubi durowoyin. Abin da ya rage mata a binciken kaɗan ne. Shekara da shekaru tana jera gilasan nan, tana bin yadda fatar tumbi ke sauyawa sannu a hankali kafin ta rikiɗe ta zama kansa, don wata rana likitan ƙauye ya iya kama ta tun ana iya yankewa a tsira. Babi na ƙarshe ya rage, na irin kansar da ke ɓuya a ƙarƙashin fata ta yaɗu ba a gani ba.

"Wace iri ce tawa?"

"Malama..."

"Mai ɓuya ce ko?"

Idonsa ne ya cika da ƙwalla, ƙaton mutum haka.

"Share fuskarka, kana abu kamar amarya. Ba ni."

"In kin duba, zan faɗa masa kin duba. Ba zan yi wa mutum biyu ƙarya a rana ɗaya ba."

"Da ma ba ka iya ba. Ba ni."

Ya zaro gilashin daga aljihu, naɗe a farin ƙyalle. Ya miƙa mata da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Ta warware. Sabo fil, rinin yana ɗaukar ido. 'Yan gutsattsarin tsoka uku, ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Ita ke nan a kai.

Ta ɗora a madubi. Fitila na kunne. Ta mayar da tabarau, ta gyara zama, ta kai hannu kan abin murzawa.

Minti ɗaya ya ishe ta. Za ta san irin ta, za ta san nisan da ta yi, za ta san ko za ta ga narkewar ƙanƙarar bana.

Ta fara sunkuyawa.

Sai ga takun sawu a matattakala.

Ba na ma'aikaciyar jinya ba ne, ba na mataimakinta ba ne. Takun baƙo ne, mai tsayawa a kowace ƙofa yana karanta suna.

Ta dubi Onodera.

"Jirgin ƙasa na safe ya biyo," ya ce. "Na ce ya jira ni a sama."

Aka ƙwanƙwasa.

Ba wanda ya ce a shigo. Ƙofar ta buɗe a hankali.

Dogo ne, da baƙar kwat, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a kafaɗarsa ba. Hannunsa riƙe da kwandon 'ya'yan tuffa da aka naɗe da kyau, irin wanda ake saya a tasha in za a je dubiya. Warin ɗakin ya buge shi, ya ɗan yamutsa hanci, ya yi sauri ya gyara fuska.

Kunnuwan ta fara ganewa. Irin na mahaifinta ne, masu ɗan buɗewa.

Ya rusuna sosai.

"Malama Kamada? Sugawara Tatsuro ne. Ki gafarce ni, na zo ba sanarwa."

Malama Kamada. Wayyo! Cikin da ya ɗauke shi wata tara ne yake kira haka.

Ta tashi ta rusuna ita ma, kamar yadda ake yi wa baƙon ofis.

"Sannu da hanya. An sha sanyi."

"Ba laifi."

"Ga kujera."

"Na gode."

Bai zauna ba. Ya rasa inda zai ajiye kwandon, ko'ina gilasai ne da kwalabe. Onodera ya karɓa ya rungume a ƙirji ya koma gefe ya tsaya.

"Na ji ba ki da lafiya," Tatsuro ya ce, idonsa a kan bangon bayanta. "Likita ya ce gyambon ciki ne. An ce in aka yi aiki shi ke nan."

Ƙaryar ta fito masa a karkace. Shi ma bai iya ba, a nan dai ya gado ta.

Sai idonsa ya sauka kan madubin, da fitilar da ke ci, da ɗan gilashin da ke kai. Fuskarsa ta sauya.

"Na katse miki aiki."

Ba tambaya ba ce. Har ya ɗan ja da baya wajen ƙofa.

"Me kike dubawa?"

Onodera ya runtse ido.

Matar nan tun da ta fara aiki ba ta taɓa rubuta abin da ba ta gani ba. Shugabanni sun lallaɓa ta, manyan likitoci sun yi mata tsawa, ba ta taɓa sauya ko kalma ɗaya a sakamako ba. Abin da aka san ta da shi ke nan, kuma shi kaɗai ta mallaka.

Ta kai hannu ta kashe fitilar.

"Tumbin wata mai sayar da kifi ne," ta ce. "Tsohon abu. Nawa na riga na gani ɗazu. Gyambo ne, kyakkyawa ma kuwa."

Tatsuro ya saki numfashi. Ya ja kujerar ya zauna a bakin-bakinta, hannuwansa a kan gwiwa.

"To madalla."

"Madalla."

Butar shayi ta ci gaba da tsuwarta.

"An ce kana da 'ya."

"E. Sunanta Chizuru."

"Tana cin abinci sosai?"

"Kamar fara."

"A rage mata gishiri."

Wani abu mai kama da murmushi ya gifta a fuskarsa ya wuce.

Onodera ya lallaɓa ta bayansu, kwando a hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan don ya ɗauke gilashin daga madubi tun kafin a sami matsala.

Wayam.

Ya dubi tebur, ya dubi ƙasa. Sannan ya dubi malamarsa. Tana zaune tana fuskantar ɗanta, hannunta na dama cikin aljihun farar rigarta. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Tatsuro ya gyara murya.

"Na yi magana da matata. Bayan aikin za ki buƙaci mai kula da ke. Muna da ɗaki a ƙasa, rana tana shigarsa da safe. Kafin nan zan riƙa zuwa duk Lahadi."

Ya ci gaba, idonsa a ƙasa.

"Amma likita ya ce mai gyambo hutu yake so. Ba aiki, ba saukowa nan."

Ya ɗago, a karo na farko ya dube ta ido cikin ido. Ya miƙo tafin hannunsa a buɗe.

"Ki ba ni mukullin ɗakin nan in riƙe miki, Mama."

Mama.

Yatsunta suka motsa a cikin aljihu. Abu biyu ne a ciki, mukulli da gilashi.

"Mama?" ya sake cewa, hannun yana nan a miƙe.